Unguwar Television da Fim ɗin da Ba a Ɗauka Ba Tukuna

Kafin ƙarfe bakwai na safe tashar motar Television ta gama farkawa. 'Yan kamasho na rige-rigen kiran garuruwa, wannan Kaciya, wancan Zonkwa da Kafancan, can ciki kuma ana ɗaure wa manyan motocin Makurdi da Inugu da Anaca kaya. Mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta fara tsamewa, yaran mota na jan jakar fasinja tun bai faɗi inda za shi ba. In ka tsaya ka kasa kunne, cikin minti goma za ka ji harsunan da suka fi yatsun hannunka yawa: Jju da Tyap da Gbagyi, Tibi da Idoma da Ibo, ga Turancin buroka yana ratsa su. Amma da zarar ciniki ya yi zafi, ko direba ya saɓa da fasinja a kan kuɗin buhu, sai kowa ya dawo Hausa. Da ita ake faɗan, da ita kuma ake ba da haƙuri.

A bakin titi akwai wata rumfa ta masu tura fim a waya. Teburi ɗaya, kwamfuta ɗaya, igiyoyin caji sun sarƙe da juna kamar saƙar gizo. Na daɗe a kan bencin rumfar ina kallon masu zuwa. Wata budurwa da ɗan gicciye a wuyanta ta miƙa waya a sa mata ci gaban Labarina. Wani mai keke ya ce a cika masa da fassarar Indiya. Wani dattijo kuma Ertugrul yake so, wancan dogon shirin Turkiyya na mahaya da takubba, amma wanda aka juya zuwa Hausa. Su ukun ba addininsu ɗaya ba, ba kuma garinsu ɗaya ba, amma harshen da za su yi kallo da shi a daren nan ɗaya ne.

Budurwar nan ce ta tsaya mini a rai. Ta san gidajen Kano ciki da bai ta hanyar fim. Ta san yadda ake kai lefe, yadda uwargida ke karɓar amarya, yadda ake zaman makoki, har da irin gaisuwar da suruka ke yi wa uwar miji. To in ɗan Kano ko 'yar Katsina suka so sanin ɗakin da ita take kwana, wane fim ɗin Hausa za su kunna? Unguwarta mazaɓa ce sukutum a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana ɗauke da sunan akwatin da ake kallon duniya a cikinsa, a garin da aka buɗe tashar talabijin ta farko a Arewa a 1962. Duk da haka, a iya shekarun da na yi ina kallon fina-finanmu, ban ga wanda ya shiga tsakar gidan haya a Television ya nemi kujera ya zauna ba.

'Yan'uwa uku a Spandau

Abin da ya taso mini da wannan tunani wani fim ne na Jamus mai suna Familiye, wanda ya fito a 2017. Ba fim ne na manyan kuɗi ba, kuma ba shi da kala, baƙi da fari ne daga farko har ƙarshe. Mutum biyu suka ba da umarninsa, Kubilay Sarikaya da Sedat Kirtan, 'ya'yan baƙin da asalinsu ke Turkiyya, kuma sun ɗauke shi ne a unguwarsu da ke Spandau, a birnin Berlin. Labarin 'yan'uwa uku ne da iyayensu suka rasu. Babban, Danyal, ya fito daga kurkuku bayan shekara biyar, ya tarar ƙaninsa Miko ya nutse a caca, masu bin bashi sun sa gidan a gaba. Ɗayan kuma, Muhammed, yana da larurar nan da likitoci ke kira Down, wadda ake haihuwar yaro da ita ta jinkirta masa fahimta, kuma hukuma na neman ɗauke shi zuwa gidan kula da masu irin larurarsa. Duk faɗi-tashin Danyal a kan abu biyu ne: ya sauke bashin da ba shi ya ci ba, kuma kada a raba shi da Muhammed.

Wanda ya fito a Muhammed ba kwaikwayon larurar ya yi ba. Muhammed Kirtan ne, ɗan'uwan ɗaya daga cikin masu ba da umarnin, kuma da larurar aka haife shi. Da yawa daga cikin fuskokin fim ɗin mutanen unguwar ne. Fitaccen ɗan wasan Jamus Moritz Bleibtreu ya shigo ya tsaya wa aikin, fim ɗin kuma ya ci kyauta a bikin fina-finai na Oldenburg a shekarar da ya fito.

Hanya ce mai nisa ta kawo su nan. A ranar 30 ga Oktoba 1961 Jamus ta Yamma da Turkiyya suka sa hannu a yarjejeniyar ɗibar ma'aikata. Daga lokacin zuwa 1973, da aka rufe ƙofar, ɗaruruwan dubban mutane suka baro ƙauyukan Anatoliya zuwa ramukan haƙar kwal da masana'antun ƙarfe da na motoci. Jamusawa suka raɗa musu suna Gastarbeiter, wato ma'aikatan da suka zo baƙunta, don an ɗauka cin rani ne za su yi su koma. Ba su koma ba. Suka ɗauko mata, suka haifi 'ya'ya, yau zuriyarsu ta kusa miliyan uku. Shekaru masu yawa wasu ne ke ba da labarinsu. A 1976 wata Bajamushiya, Helma Sanders-Brahms, ta yi fim a kan wahalar wata Baturkiya a Jamus. Sai da ɗan jarida Günter Wallraff ya ɓad da kama, ya yi kimanin shekara biyu yana aikin ƙarfi a matsayin Baturke mai suna Ali, kafin a 1985 jama'ar ƙasar su yarda da irin wulaƙancin da ake yi wa baƙin. Da tafiya ta yi nisa sai kyamarar ta dawo hannun masu labarin. Tevfik Başer ya yi fim a 1986 a kan matar da mijinta ya kulle a wani ɗan gida a Hamburg. Fatih Akin, haifaffen Hamburg, ya lashe babbar kyautar bikin Berlin a 2004. 'Yan'uwa mata biyu, Yasemin da Nesrin Şamdereli, suka yi Almanya a 2011, inda iyali guda ke dariya da kuka a kan tambayar ina ne gida. Familiye jikan waɗannan ne.

Dattijon da ke neman Ertugrul a rumfar can ya san Baturke a kan doki. Bai san Baturken da ke tashi da asuba ya kama jirgin ƙasa zuwa masana'anta ba, alhali shi ne ya fi kama da maƙwabtansa.

Lokacin da jiniya ke tashin gari

Domin kudancin kogin Kaduna ma aikin masana'anta ne ya tara shi. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin ƙera makamai na soja ya zauna a Kakuri a 1964, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Samari suka yi ta kwararowa daga ƙasar Bajju da Atyap da Ham da Adara, daga Binuwai da Filato da Kogi, daga Zariya da Katsina da Kano. Wani matashi daga ƙasar Edo, Adams Oshiomhole, a Arewa Textiles ya fara, daga nan ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, kafin shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa da gwamnan jiha. Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika suka batse, jama'a suka malala zuwa Television da Unguwar Romi da Sabon Tasha, inda haya ke da sauƙi kuma keke zai kai mutum bakin aiki kafin jiniya ta busa.

Su ma da niyyar komawa suka zo. A tara kuɗin aure, a sayi kwanon rufi, a koma gona. Su ma suka zauna. 'Ya'yansu suka tashi da Hausa a baki, wasu ma sun fi iya ta a kan harshen kakanninsu. Da ita ake wa'azi a majami'u da yawa, da ita Zumuntar Mata ke rera waƙa suna buga tulu, kuma Littafi Mai Tsarki da ke hannunsu tun 1932 aka fassara shi zuwa Hausa.

Sannan aikin ya mutu. Karyewar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa kayan gyaran injuna suka gagari saye. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da tukwanen masaƙa ke sha ya yi tsada, noman auduga ya ja baya, atamfar fasa-ƙwauri daga Sin ta cika kasuwa a farashin da ba mai iya karawa da shi. KTL ta rufe a ƙarshen 2002, UNTL ta rufe a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta a 2010 ba ta koma kamar da ba. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun da suka rufe, da matan waɗanda suka mutu a cikinsu, sun shafe shekaru suna zanga-zanga da kai koke a kan haƙƙoƙin sallama da ba a biya su ba.

Na ziyarci wani dattijo a wani lungu da ke bayan kasuwar unguwar, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ɗaya daga cikin masaƙun. Ciki da falo ne a gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, murhu a ƙofar kowane ɗaki, igiyar shanya ɗaya ta kowa da kowa. A bangon falon kalandar coci ce da hoton aurensu, ga tsohuwar talabijin mai ƙeya an lulluɓe ta da ƙyalle mai aiki. Da na durƙusa na ce Baba ina wuni, sai ya amsa da ɗana, ya tura jikarsa ta kawo ruwa. Daga ƙarƙashin katifa ya jawo wata baƙar leda, a cikinta wata ledar, a cikin wannan kuma takardu: wasiƙar ɗaukarsa aiki da ta koma ruwan ƙasa, katin shaida mai hoton wani saurayi da suma, da takardar albashinsa ta ƙarshe. Ya shimfiɗa su a kan gwiwa yana goge su da tafin hannu, kamar mai lallashin yaro.

Ana bin sa, shi ma yana bi. Masaƙa ta riƙe masa kuɗin sallama, shi kuma mai gida na bin sa hayar shekara. Matarsa na sayar da gari da manja a kasuwa da jarin rancen mako-mako, irin wanda ranar biya ba ta san rashin ciniki ba, sai ta kwashi adashi ta toshe rance, ta ci wani rancen ta zuba adashi. Mai shagon bakin layi yana da littafi da shafi guda na gidansu. 'Yarsa ta gama karatu, takardar sakamako na hannun makaranta sai an cika sauran kuɗi. Ƙaramin ɗansa kuma, wanda uban bai so a yi dogon zance a kansa ba, yana wuni a shagon cacar ƙwallo yana jiran tikiti ɗaya da zai share komai. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A gidan nan har numfashinsa ana ji.

Ina zaune a falon nan Danyal da Miko suka faɗo mini. Ba sai an ƙirƙiro komai ba. Ga uba, ga leda, ga ɗa, ga ranar biya tana matsowa.

Kogin da ya zama iyaka

Akwai abin da ya sa labarin Television ya fi na Spandau nauyi. A Fabrairun 2000 rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna, ya sake tashi a watan Mayu, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta aƙalla mutum 2,000 ne suka mutu. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci kimanin mutum 250. Bayan kowace tarzoma sai a ga motocin a-kori-kura ɗauke da katifu da tukwane suna tsallaka gada, Kiristoci na yin kudu, Musulmi na yin arewa. Wanda ya gina gida a Rigasa ko Tudun Wada ya sayar a wulaƙance ya dawo haya a Television ko Sabon Tasha, wanda ya tashi a nan ya bar ɗakin da aka haife shi ya koma can. Wannan ƙaura ta biyu ita ma da bashi aka yi ta.

Rabuwar ba ta kai yadda ake faɗa daga nesa ba. Har gobe mahauta da masu kayan miya da masu gyaran takalmi na shigowa kasuwar Television kowace safiya, ma'aikatan asibiti da malaman makaranta na tsallakawa arewa, kuma akwai Musulmi da yawa a Kakuri da Makera da Barnawa. Sai dai cuɗanyar ta koma ta rana. Yaron da aka haifa bayan 2002 zai iya girma bai taɓa cin tuwon sallah a gidan maƙwabci ba, ko bai taɓa ganin yadda ake shirin Kirsimeti a tsakar gida ba. Abin da ya sani game da mutanen ƙetaren kogi, a baki ya ji shi, ko a waya ya gani.

Dattijon ya ba ni labarin abokinsa, wani malami a Tudun Wada, wanda suka yi shekaru suna tsaye a kan layin injin guda. Yanzu ba sa haɗuwa sai in an kira taron tsofaffin ma'aikata. Kowa ya zo da ledarsa. Masaƙar da ta rufe ba ta tambayi addinin kowa ba kafin ta riƙe kuɗinsa. A ganina nan ne ƙofar fim ɗin take, domin labarin bashin nan shi ne labarin da mai kallo a Rigasa da mai kallo a Television za su gani kowa ya ce wannan ai babana ne.

An yi fina-finai a kan rabuwar Kaduna. Akwai The Imam and the Pastor na 2006, wanda Baturen Ingila Alan Channer ya ɗauka a kan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, tsofaffin abokan gaba da suka koma masu sulhu. Akwai Kada River na Toka McBaror, ɗan garin nan, labarin soyayya a tsakiyar rikici. Duka biyun aikin kirki ne, duka biyun kuma da Turanci suke magana, kuma wuta da sulhu suka sa a gaba. Ranar Talata ta yau da kullum, ranar da babu tarzoma sai dai babu kuɗin cefane, ita ce ba a ɗauka ba.

Wa ake nunawa, kuma a wace riga

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa ya yi shekara fiye da talatin yana girma, kuma ba ƙaramin aiki ya yi wa harshen ba. Ni mai kallonsa ne, ba daga waje nake jifa ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: in wanda ba Bahaushe ba ya bayyana a fim ɗinmu, yawanci don a yi dariya ne. Ɗan Gwari da Baban Chinedu 'yan wasa ne masu basira, sun sa miliyoyin mutane nishaɗi tare da marigayi Rabilu Musa Ibro. Matsalar ita ce in ban da wannan riga ta karyayyar Hausa da rashin wayo, da wuya a ɗinka wa Bagwari ko Ibo wata. Har a harshenmu abin ya zauna, tunda maganar da ba ta fita sosai gwaranci muke ce mata. Kuma Gbagyi su ne mutanen da birnin Kaduna ya tarar a wannan ƙasa. Ka yi tunanin yaron Gbagyi a Television, wanda Hausarsa ba ta da maraba da ta kowa, yana kallo tare da abokansa, duk lokacin da aka ambaci kabilarsu sai ɗaki ya fashe da dariya.

Abin da ya ƙara sa ni damuwa shi ne masana'antar kanta cike take da mutanen wurare daban-daban. Hadiza Gabon daga Libreville ta zo Kaduna. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa ɗan kudancin Gombe ne. Ga 'yan Jos, ga 'yan Nijar, ga Kanuri da Fulani da Nufawa. Amma da an ce a fara ɗauka, kowa sai ya ajiye asalinsa a bakin ƙofa ya zama Alhaji ko Hajiya a wani katafaren falo.

Ba haka Kaduna ta fara ba. Waɗanda suka tashi da rediyo da talabijin na garin nan sun san Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi, Banufe ne, tsohon soja, ya rasu a Nuwamban 2023. Hausar Samanja Hausar bariki ce, a cakuɗe da Turancin soja, kuma ana dariya ƙwarai. Amma dariyar gida ce, don barikin na kowa ne, kuma mai karyayyar Hausar shi ne jarumin, shi ke ba da oda. Marigayi Kasimu Yero ya yi Karambana da Hausa, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn da Turanci, duk ƙasa ta san shi. A zamanin nan Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya gwada wannan hanya: ya kawo 'yan gudun hijira, ya kawo almajirai, ya kawo Stephanie, Kirista, wadda Sarah Aloysius ta fito a matsayinta, mutum mai hankali da zuciya ba abar zolaya ba. Masu kallo ba su gudu ba, ƙaunarta ma suka yi. Sai dai Stephanie baƙuwa ce a garin wasu. Abin da nake jira shi ne shirin da gidan su Stephanie ne tsakiyar labari, Malam Musa kuma shi ne maƙwabcin da ke leƙowa.

Akwai kuma maganar Muhammed. A lungunan Television, kamar a kowace unguwa, akwai gidan da ke da yaro mai irin larurarsa, ana ɓoye shi a ɗaki in baƙi sun zo, ko a bar shi yara na tsokana a layi. A fina-finanmu lafiyayyen ɗan wasa ne ke karkace baki ya zubo da yawu, a kira shi dolo ko gaula. A Familiye, Muhammed shi ne dalilin da ya sa gidan bai watse ba, shi ne wanda kowa ke komowa wurinsa. Uwar da ke rainon irin wannan yaro a ɗaki ɗaya, tana fita kasuwa da shi a gefe, ta cancanci ta ga ɗanta a allo a matsayin mutum.

Abin da ke hana ruwa gudu

Na san amsar da furodusa zai ba ni, kuma ba wofi ba ce. Kasuwar faifai ta mutu, yanzu YouTube da tashoshi ne ke ciyar da masana'antar, kuma wanda ya ci bashi ya yi shiri ba zai so ya gwada abin da bai tabbatar zai karɓu ba. Soyayya da kishi da gado sun riga sun nuna suna sayuwa. Ga Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, ga malamai, ga masu sharhi a Facebook. Wanda ya nuna cikin coci a fim ɗin Hausa yana tsoron a ce yana tallata wani addini, in kuma ya yi kuskure a nunin, ɗaya ɓangaren ya ce an ci masa fuska. Sai kowa ya zaɓi hanyar da ba ƙaya.

A ɗaya gefen ma akwai nauyi. Matasan kudancin Kaduna da yawa masu sha'awar fim Legas da Abuja suke kallo, da Turanci suke rubutu. Wasu na ganin Hausa harshe ne da ya danne na iyayensu, har sunayen da aka san kabilunsu da su, Kaje da Kataf da Jaba da Kadara, ba su ne sunayen da suke kiran kansu ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma fim na gaskiya zai bar shi ya fito. A gidan dattijon can, shi da matarsa da harshensu suke magana in ba sa so yara su ji, da Hausa suke yi wa yaran faɗa, jikoki kuma su amsa da buroka. Duk wanda zai ɗauki gidan, haka zai ɗauke shi, da harsunansa uku. Hausar Television Hausa ce, ba sai an kai ta Kano an wanke ba.

Haɗari ɗaya nake gani, kuma Familiye ma bai tsira daga gare shi gaba ɗaya ba. Fim ɗin yana da 'yan daba da duka da kurkuku, alhali Bajamushe ya riga ya saba ganin ɗan baƙi a matsayin mai laifi. Mutanen arewacin kogi da yawa abin da suka sani game da kudu shi ne mashaya da gidajen burkutu. In baƙo ya zo da kyamara na kwana uku, abin da zai ɗauka ke nan, ya koma ya ce ya nuna gaskiya. Wanda ya tashi a layin ne kaɗai ya san matar da ke fita addu'ar asuba da tocila, da nas ɗin da ke yi wa rabin unguwa allura kyauta, da tsohon sojan da ke raba faɗan ma'aurata, da mahaucin da ke ba da nama bashi har ƙarshen wata ba tare da rubutu ba. Shi ya sa sanya Kirista ɗaya a cikin 'yan wasa ba zai wadatar ba. Maganar tana wurin wanda ya riƙe alƙalami da wanda ya tsaya bayan kyamara. Sarikaya da Kirtan ba su jira an gayyace su ba, ƙofar gidansu suka buɗe suka ɗauki ɗan'uwansu.

Kayan aikin kuwa suna nan. Kaduna ce ta fitar da Rahama Sadau da Adam A. Zango, tana da bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa tun 2018, kuma a Television kaɗai akwai samarin da ke ɗaukar bidiyon biki da na mawaƙan coci kowane Asabar, sun san haske, sun san sauti. Gine-ginen masaƙun na nan tsaye a Kakuri, ciyawa ta fito a harabarsu. Dattawan da suka yi aiki a cikinsu kuma suna raguwa duk shekara.

Da zan tafi, dattijon ya mayar da takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe leda ta ciki, ya naɗe ta waje, ya ɗaga katifa. Ya rako ni har bakin layi, ya ce in gaida mutanen gida. Na biyo ta tasha da la'asar, motar Kafancan saura mutum biyu ta cika. A kujerar baya wasu 'yan mata biyu sun raba abin sauraro ɗaya, kowa da kunne guda, sun sunkuya a kan waya suna kallon wata amarya a Kano tana kuka a cikin mayafi. Ɗan kamasho ya buga bayan motar da tafin hannu, direba ya tayar.